Garin ƙarfi a filin basket: mu san abin da muke sha

Ƴan uwana matasan Damagaram, yau da ƴan ƙwallon kwando nike.

Shekaranjiya bayan la'asar muna hutawa a bakin fili, sai wani ƙanena da bai kai shekara 17 ba ya zaro wani farin gari a ƙullin leda. Ba suna, ba kwanan wata. Wai creatine ce, jika biyu ya saya, an ce mashi in ya sha sati guda zai kama ƙarfen raga. Na karɓe. Ya yi fushi, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce.

Bari in faɗi gaskiya, creatine ba ƙwaya ba ce. Jikinmu da kansa yana yin kamar giram 1 a rana a hanta da ƙoda, sauran muna samu a nama da kifi. Aikinta shi ne ta taimaki tsoka ta maido da ƙarfi da sauri a aikin da bai wuce daƙiƙa 10 ba: tsalle, fizgar gudu, komawa tsaron gida. Basket kuwa kusan duk haka take. Tun wasannin Olamfik na Basalona a 1992 ƴan wasa ke sha, kuma hukumar WADA mai yaƙi da shan abin ƙara kuzari ba ta hana ta ba. Giram 3 zuwa 5 a rana shi ne ƙa'ida, kuma tana ƙara nauyin kilo 1 ko 2, galibi ruwa ne da tsoka ke riƙewa. Amma ba ta ƙara tsawo, ba ta koya ma hannu saiti.

To mi ya sa na karɓe? Don ban san abin da ke cikin ledar ba, shi ma bai sani ba, mai sayarwar ma ina shakka. Ko a Turai an sha kama irin waɗannan kaya gauraye da sinadaran kumbura tsoka da ba a rubuta a jikin gwangwani ba, balle ƙullin leda. Mu ƴan Zinder mun ga inda "abin ƙarfi" ke kai mutum. Tramol ma da sunan maganin gajiya ya shigo mana. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, ya ga samarin Kara-Kara da ƙarafansu, ya ga yadda ƙarfin jiki ya zama jarin wanda ba shi da aiki. Shi tramol ɗin, tun 1 ga Janairun 2024 WADA ta hana shi lokacin gasa.

Sannan mu duba kanmu. Yaro ya fito fili da kunu kofi guda a ciki, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, unguwarsu ta kwana biyu ba ruwan famfo, ya kwana a fada yana shan shayi. Wane gari zai gyara wannan? Jika biyun nan, da wake da ƙwai da nono ya saya, da ta fi mashi amfani.

Baligi mai lafiya da ke son sha, ya nemi creatine monohydrate a gwangwani rufaffe mai suna da kwanan wata, ya sha ruwa sosai. Mai ciwon ƙoda da wanda bai kai 18 ba, sai da shawarar likita. Masu horarwa, ku riƙa tambayar yaranku abin da suke sha.

Ƙanena kuwa, na yi mashi alkawarin tsalle hamsin tare kullum da asuba. Gobe za mu fara, in Allah ya kai mu.