Sunan Kamfani Ba Ya Cika Zuciya



'Yan uwana matasa, duk wanda ya ratsa Kantin Kwari da ke Fagge a goman ƙarshe na Ramadan ya ga abin da ni ma na gani. Saurayi zai tsaya a bakin shago, bai damu da ƙarkon shadda ba, tambayarsa ɗaya ce: "Getzner ce?" 'Yar uwa kuma ba ta ganin atamfa sai ta Vlisco. A kasuwar Sabon Gari haka ake bin sunan takalmi da turare. Wani har bashi yake ci, Sallah ta wuce ta bar shi yana ɓuyar mai shago.

Ado ba laifi ba ne; ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah yana son kyau. Matsalar ita ce abin da muke nema a jikin tambarin: daraja, natsuwa, da a san da mu. Waɗannan kuwa ba a auna su da yadi. Shi ya sa da zarar sabon yayi ya fito, sai na jiya ya zama abin kunya.

Amma mu tuna 2006. Bayan jaridar Jyllands-Posten ta Denmak ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a Satumban 2005, Musulmi sun ƙaurace wa kayan ƙasar, har cinikin kamfanin madara na Arla ya durƙushe a ƙasashen Larabawa. A nan Kano, 'yan majalisar dokoki sun ƙona tutar Denmak. Mutane sun bar abin da bakinsu ya saba da shi ba tare da sun ji asara ba, domin zuciya ta riƙi abin da ya fi shi.

Ashe wanda zuciyarsa ta ƙoshi shi ke mallakar kaya, mai yunwar zuci kuwa kaya ke mallakarsa. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya koya mana cewa wadata ta gaskiya a zuci take.

Don haka ɗan uwa, kafin ka zaro kuɗi, tambayi kanka: buƙata ce, ko idon mutane? Da halalina ne, ko da bashi? In da hali, ka saya ka gode wa Allah. In babu, ka wanke tsohuwar rigarka ka tafi Idi da kwanciyar rai.

Allah Ya azurta mu da wadatar zuci. Amin.