Gado iri ne, ba a tuƙa tuwo da shi

Filin tattalin gida na wannan sati ya tsaya ne bisa wata dukiya wadda ba ta zuwa sai da hawaye, kuma ba ta zuwa sau biyu daga hannu guda, wato gado. Attajiri in ya ci gado, ƙari ne bisa ƙari, ko ya ɓarnatar da shi gidansa ba ya kwana da yunwa. Amma ƙaramin ma'aikaci, da ɗan tebur na kasuwa, da tela, da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan ɗiya, su kam abin da ya faɗo hannunsu ranar rabo watakila shi ne dunƙulen kuɗɗi mafi girma da za su taɓa riƙewa a rayuwarsu. Tun watan Janairu na 2024, albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne a wata. Mai irin wannan albashi in aka miƙa masa miliyon guda, to an ba shi ladan aikin shekara 2 a tashi ɗaya. Kuma kowace unguwa, daga Zariya ta Maraɗi zuwa Birni na Damagaram, an san gidan da irin wannan miliyon ta shiga bayan sallar layya amma ba ta ga watan azumi ba.

Dalilin haka shi ne magaji yakan ɗauki gado tamkar albashi. Albashi in ya ƙare, ƙarshen wata yana tafe da wani. Gado in ya ƙare, ya ƙare ke nan har abada. Manomi ya san cewa a cikin rumbu akwai hatsin ci, akwai kuma iri, kuma komi tsananin yunwar bazara mai hankali ba ya kai iri turmi. Gado a hannun mai ƙaramin ƙarfi iri ne: abin da ya haifa ake ci, shi kansa ana ajiye shi don baɗi.

Kafin a kai ga wannan, wajibi ne magada su san cewa ba dukan abin da mamaci ya bari ne nasu ba. Malaman Malikiyya sun jera abin daki-daki. Da farko a fidda kuɗɗin likkafani da na jana'iza, ba tare da almubazzaranci ba. Sannan a biya bashin da ake bin mamaci, har da sauran sadakin matarsa in bai cika ba. Sannan a zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga wanda dama yake da rabo sai in sauran magada sun yarda. Abin da ya saura shi ake rabawa, bisa kason da ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. A gidan ɗan kasuwa maganar bashi ita ce mafi wuya, domin yawancin cinikin kasuwannin ƙasar nan da baki da amana ake yin sa. Saboda haka ya kamata tun ranar zaman makoki a yi shela, wanda ke bin mamaci ya zo da shaidarsa, wanda mamaci ke bi shi ma a rubuta sunansa da abin da ke kansa, tun mutane ba su manta ba ko su yi kamar sun manta. Akwai kuma wata ƙofa da dukiya ke zurarewa tun ba a raba ta ba, ita ce sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Wanda ke son yi wa mahaifinsa sadaka ya yi daga aljihunsa ko daga kasonsa. Yanka sa da dafa buhunan shinkafa daga dukiyar da marayu ke da haƙƙi cikinta, ba sadaka ba ce, cin dukiyar marayu ne.

Bayan bashi sai takardu. Tun dokar 1962 da ta tsara kotunan ƙasa, da wadda ta canje ta a 2004, har zuwa yau, sha'anin gado a Nijar bisa al'adar masu shi ake yanke shi, alƙali yana zaune tare da mashawarta masana al'ada. Ga Hausawa musulmi kuwa al'adar nan kusan ita ce hukuncin Malikiyya. To amma banki da meri da baitulmali ba su san rabon da aka yi a zaure da baki ba. Suna neman takardar mutuwa, da takardar taron dangi, wato conseil de famille, wadda ke faɗin magada da wakilinsu, da takardar shaidar gado. In mamacin ma'aikacin gomnati ne, akwai haƙƙin da ke bin matansa da marayunsa a ma'aikatar CARENI. In na kamfani ne, a CNSS. Gidaje da dama sun yi asarar wannan haƙƙi ko sun yi shekaru suna jiran sa, don kawai ba a yi takardar aure ba, ko ɗiya ba su da takardar haihuwa. Gidan birni yana bukatar a nemo takardarsa ta acte de cession ko titre foncier, a san hannun wanda take, a kuma tabbata ba a ajiye ta wani wuri a matsayin jingina ba. Gonar ƙauye kuma, tun dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga watan Maris 1993, akwai kwamitocin filaye da aka fi sani da Cofo, waɗanda ke ba da takardar shaidar mallaka, da ta saye, da ta aro, da ta jingina. Kuɗɗin da ake kashewa wajen waɗannan takardu kaɗan ne bisa ga abin da shari'ar shekara biyar ke ci.

A ɗauki misali, don lissafi ya fito fili. Wani ɗan kasuwa ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata 2, ɗiya maza 5 da mata 4. Ya bar gida na miliyon 6, kayan kanti da bisashe na miliyon 2, da tsabar kuɗɗi miliyon 1. Jana'iza da bashi sun ci miliyon 1, saura miliyon 8. Matan biyu suna da tumuni, wato miliyon 1, kowace jika 500. Sauran miliyon 7 a kasa su kashi 14: kowane namiji miliyon 1, kowace mace jika 500. Dukiyar da ta ciyar da mutum 12 tsawon shekaru, ga ta ta koma ƙananan tsibi 11, babu ɗaya cikinsu da zai sayi ko kangon fili a tsakiyar Maraɗi ko Yamai.

A nan ne dillalai ke shigowa, tun mata ba su fita takaba ba, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. In aka saida gidan, matar da ta karɓi jika 500 ta koma haya a jika 25 kowane wata, cikin wata 20 kasonta ya tafi aljihun mai gida, ba ta sayi ko tiya guda ta hatsi da shi ba. In kuwa aka bar gidan, aka raba miliyon 2 da ke wajensa, aka rubuta kason kowa a cikin gidan, to mata da ƙananan ɗiya suna da wurin kwana, ɗakunan ƙofar gida kuma a sa ƴan haya, a fidda na gyara kafin damina, a raba saura bisa kason gado. Babban ɗa da ya matsu yana son nasa a hannu, ba sai an rushe gida dominsa ba: shari'a ta ba abokan tarayya haƙƙin shufu'a, wato su suka fi cancantar sayen kasonsa kafin bare, kuma ana iya shirya biyan sa kaɗan-kaɗan a gaban shaidu. Haka ma gona. A jahar Maraɗi, inda gandu ya yi ta tsagewa tsakanin ɗiya da jikoki har wasu gonakin ba su ciyar da gida wata uku, gara a noma ta tare ko a ba da ita haya da takarda, da a yanka ta ƴan ƙyallaye a saida wa mai kuɗɗin birni. Gaskiya ne akwai lokacin da saidawa ta fi alheri, kamar in gaba ta shiga tsakanin ɗakuna har zama tare ya gagara, ko gidan ƙasa ya tsufa babu mai ƙarfin gyara shi. Ko a nan ma, a sa mutum biyu ko uku masana su yi masa kuɗɗi, a jira mai saye na ƙwarai. Kayan da aka san mai shi ya matsu ba su yin daraja.

Saura maganar tsabar kuɗɗin da ta shiga hannun magaji. Abu na farko, ya bar su su kwana. Wata biyu ko uku ba tare da ya taɓa su ba, ya isa zuciya ta kwanta, masu kawo shawarar mota da ta ƙarin aure su gaji su ja baya. Abu na biyu, in akwai bashi mai ruwa a kansa, irin wanda ke yanke albashi tun bai fito ba, ya fara kashe shi, domin babu sana'ar da ke kawo ribar da ta kai abin da irin wannan bashi ke ci. Abu na uku, kada ya tara sauran wuri guda, domin tarihin ƙasar nan ya nuna babu maɓoyar da ba ta taɓa yoyo ba. A 1990 bankin BDRN ya durƙushe. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya binne takardun kuɗɗi a tukunya ya wayi gari suna sayen kusan rabin kayan waje da suke saye jiya. A farkon 2023 canjin takardun naira ya kama ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙwanni da suka yi ajiya da ita, sannan darajarta ta zube a cikin shekarar. Bayan watan Yuli na 2023, lokacin takunkumi, masu ajiya sun sha layi a ƙofar bankuna ana ba su kaɗan-kaɗan. Bisashe ma farin 1984 da na 2010 sun nuna iyakarsu. Yau akwai asusun lamunin ajiya na ƙasashen UMOA, wanda ke mayar wa mai ajiya har miliyon 1 da jika 400 in banki ya faɗi, da jika 300 in ƙaramin asusun bashi da ajiya ne. Saboda haka kafin a ajiye, a tambaya ko wurin yana da izinin hukuma. Wanda ke ƙyamar kuɗɗin ruwa, akwai bankin Musulunci. Wanda kuma aka yi wa alkawarin ninka masa kuɗɗinsa cikin wata guda ta wayar salula, ya tuna da MMM da ta cinye dukiyar jama'a a Najeriya a 2016.

Abin da za a juya kuwa, a juya shi cikin abin da aka sani. Tela ya ƙara keke, mai tebur ya ƙara kaya, mace mai ƙuli-ƙuli ta sayi gyaɗa da kaka. Ma'aikacin biro da bai taɓa saida ko allura ba, in ya zuba gadonsa cikin babur ya ba yaron da bai sani ba kabu-kabu, ko ya miƙa wa aboki jari babu takarda babu shaida, shi da kuɗɗinsa sai labari. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya sayi hatsin shekara da kaka lokacin da galibi yake da araha, sannan kowane wata ya riƙa mayar wa jarin kuɗɗin abin da gida ya ci daga albashi, don baɗi ya sake saye. Turkar rago da ɓoyon hatsi don riba suna kawowa, amma ba kullum ba: a 2024 gomnati ta hana fidda hatsi zuwa mafi yawan ƙasashen waje, a 2025 ta hana fidda bisashe gab da layya, kuma wanda ya dogara ga kasuwar ƙetare lissafinsa ya canza. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990, lokacin da ake wata da watanni babu albashi, sun san darajar ɗakin haya guda ko ƴar gona a bayan gari.

Dangi kuma suna da nasu haƙƙi, kuma mai gado ba ya iya rufe ƙofarsa. Dubara ita ce ya ware wani abu sananne tun farko, ko da kashi ɗaya cikin goma, don zumunta da sadaka ga mamaci. In wannan ya ƙare, ya faɗi gaskiya cewa saura ya shiga aiki. Jin kunyar rana ɗaya ya fi roƙon shekara goma.

Daga ƙarshe, akwai kaso biyu da aka fi ci da sunan riƙo: na mata da na marayu. A ƙauyuka da yawa har yanzu ana hana ɗiya mace gona, a ce mijinta zai ciyar da ita, alhali Alƙur'ani ya yanka mata rabonta. Mace ta karɓi nata da takarda, ta juya shi da kanta ko cikin ƙungiyoyin adashi irin na Mata Masu Dubara, da aka fara a jahar Maraɗi tun 1991. Wanda aka ba riƙon dukiyar maraya kuma, ya rubuta abin da ya karɓa a gaban shaidu, ya raba shi da jarinsa, ya rubuta abin da ya kashe wajen ci da lakol da magani, ya miƙa saura ranar da yaro ya mallaki hankalinsa. Mahaifi ya yi shekara talatin yana tara abin nan cikin rana da ƙura. Mafi ƙarancin ladabin da magaji zai yi masa shi ne jikoki su tarar da wani abu daga ciki.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka cikin abin da suka bari. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai rai.