Taki da Fitila: Tambayar da Wani Matashi Ya Yi Mini a Birnin Kebbi

Kwanakin baya ɗan wani aminina, wanda ya kammala karatun aikin gona yana zaune ba aikin yi, ya same ni a ƙofar gida bayan sallar la'asar. Da muka gaisa sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, dubi wannan. Ɗaki ɗaya kawai Baturen nan yake nomawa, amma abin da yake samu ya fi na mai kadada biyar ta shinkafa." Na duba, sai na ga wani mutum a Kanada yana baje kolin tukwanen tabar wiwi a ƙarƙashin fitilu masu kashe ido, yana bayanin takin da ya dace da kowane mataki na girman shuka. Yaron ya rantse mini ba ya sha, ba kuma niyyar shukawa yake da ita ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda mutumin ya san adadin takin da zai zuba da awannin hasken da zai bayar, alhali mahaifinsa ya shekara talatin yana noma a fadamar Argungu bai taɓa auna ƙasar gonarsa ba.

Tun ranar maganar take yi mini yawo a rai. Ra'ayina, mai karatu, shi ne tambayoyin yaron nan biyu, wane taki da wane haske, su ne ainihin tambayoyin da noman kwarin Rima yake bukata, sai dai an ɗora su a kan shukar da ba ta da wuri a ƙasarmu. Idan muka tsaya ga tsawatarwa kaɗai, ba mu karkatar da wannan ƙishirwar sani zuwa fadama ba, to wata rana wani zai karkatar da ita zuwa ƙuryar ɗaki.

Bari mu fara da doka, domin kada wani ya yi wa rogo kallon kitse. Wanda ya ɗauki hoton nan yana zaune ne a ƙasar da ta halatta tabar wiwi tun watan Oktoba na 2018, inda dokar tarayya ta yarje wa gida ɗaya ya shuka har tushe huɗu. Jamus ma ta yarje wa baligi tushe uku a 2024. Nijeriya kuwa tun 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar soja mai tsanani a kan wannan taba, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga mai noma ta. An sassauta hukuncin a 1975, amma haramcin bai gusa ba. A 1989 aka kafa Hukumar NDLEA, kuma a ƙarƙashin dokarta shuka irin waɗannan ƙwayoyi laifi ne da hukuncinsa kan iya kaiwa ga ɗaurin rai da rai. Dokar ba ta bambanta wanda ya share daji a Ondo ko Edo da wanda ya jera tukwane a bayan ɗakin uwarsa ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai an yi dubu kafin a fito.

Na san akwai masu ilimi a cikinmu da ke ganin lokaci ya yi da za a sake duba wannan doka, kuma adalci ne a saurari hujjarsu. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Jihar Ondo ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kira a halatta noman tabar domin magani da fitarwa waje. Lesoto ta fara bayar da lasisi a 2017, Maroko ta yi doka a 2021. A watan Disamba na 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya cire tabar daga jerin mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, ko da yake ya bar ta cikin abubuwan da ake sa wa ido sosai. An kai ƙuduri Majalisar Wakilai, ya gamu da turjiya a 2023 aka jingine shi. To amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ita kanta Tailan, da ta saki linzami a 2022, ta dawo a 2025 ta ce ba mai saye sai da takardar likita, bayan ta ga yadda shaguna suka cika tituna. Ƙasar da ta fi mu iya tsare kantin magani ke nan.

Mu kuma ga halin da muke ciki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka bincika, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi ce. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma an ƙiyasta mutum miliyan uku. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ya san waɗannan alƙaluma 'ya'yan mutane ne.

Ko da an ajiye doka da addini a gefe, lissafin kansa bai fita ba. Bature yana kai shuka ɗaki ne domin sanyi ya hana shi rana rabin shekara, sai ya sayi hasken da Allah Ya ba mu kyauta. Wani masanin makamashi, Evan Mills, ya ƙiyasta a 2012 cewa noman wiwi cikin ɗaki yana lashe kusan kashi 1 cikin 100 na dukkan wutar lantarkin Amurka. A nan gida, lokacin da aka ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa Naira 225 kowane kilowat na awa guda a watan Afrilu na 2024, kayan da ke cin kilowat ɗaya, in sun yi awa goma kullum, sun ci Naira 67,500 a wata. Ba a ma zo maganar sanyaya ɗaki ba, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40. Mutumin da ke kwarin Rima ya rufe taga ya kunna fitila domin shuka, tamkar Bakabe ne ya bar Matan Fada ya tafi neman kifi a randa.

Yanzu mu juya ga inda tambayoyin yaron suke da amfani. A ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance a nan Birnin Kebbi. Bayansa aka ga shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas a ƙarshen 2016, aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi. An faɗaɗa gonaki, an samu kuɗi, an je Makka, an yi aure. Sai dai faɗin gona muka ƙara, ilimin ƙasa bai ƙaru daidai da shi ba. Da ambaliyar 2020 ta shafe fadamu, sannan farashin taki ya tashi daga Naira 5,500 na shirin shugaban ƙasa na 2017 zuwa ninkin-ba-ninki, sai asirin ya tonu: manomin da bai san abin da ƙasarsa take bukata ba yana zuba kuɗinsa ne a ruwa.

Akasarin manomanmu taki biyu suka sani, kamfa da yuriya, kuma ma'auninsu shi ne abin da maƙwabci ya zuba. Alhali yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, idan aka watsa ta gaba ɗaya a saman ruwan gonar shinkafa cikin zafin rana, kaso mai yawa yakan bi iska ko ruwa ya tafi. An daɗe da sanin cewa raba ta kashi biyu ko uku bisa girman shuka, ko binne dunƙulenta cikin laka, yana rage wannan asara. Ƙasar da aka shekara ana nomawa rani da damina takan rasa ƙananan sinadarai irin su zink, waɗanda ko buhu goma na yuriya ba zai maye gurbinsu ba. Takin gargajiya kuwa, da bambaron shinkafa da muke cinna wa wuta bayan girbi, su ne ke riƙe wa ƙasa danshi da ƙarfi. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace kadada. Yau muna da katafaren kamfanin yuriya na Dangote a Legas, wanda aka buɗe a 2022, da na Indorama a Eleme. Takin yana nan. Sanin yadda za a zuba shi ne ya yi ƙaranci.

Batun haske ma haka yake. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin fetur na injin ban-ruwa ya zama ƙarfen ƙafa ga mai noman rani. Ranar da ke ƙona mu ita ce za ta iya ɗago ruwa daga rijiyar fadama da injin sola, ba tare da digon mai ba. Kuma in har noma a rufaffen wuri ne ke burge matasanmu, ai akwai halastaccensa: rumfar raga ta renon irin tumatir da tattasai da albasa, wadda ke kare dashe daga ƙwari irin tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Manoman albasa na Aliero kaɗai sun isa kasuwa ga duk matashin da ya iya fitar da lafiyayyen dashe a kan kari.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da hukumar KARDA su samar da ɗakin gwajin ƙasa a Birnin Kebbi da Argungu, a kuma horar da matasa masu takardar aikin gona su riƙa bi ƙauye-ƙauye da ƙananan na'urorin awo, suna karɓar ɗan abin da manomi zai iya biya. Jami'ar jiha da ke Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, su fito da taswirar ƙasar fadamunmu, su rubuta shawarar taki cikin Hausa, su kai ta gidajen rediyo da wayoyin hannu. Kamfanonin casar shinkafa su ma su sa hannu, domin ribarsu tana cikin yabanyar manomi. Mu kuma iyaye, idan yaro ya zo da irin wannan hoto, kada mu tsaya ga salati da zagi. Mu gaya masa hukuncin doka ƙarara, sannan mu nuna masa inda basirarsa za ta ci halas.

Ɗan aminin nawa na ba shi shawara ya ɗebo ƙasa daga kusurwoyin gonar mahaifinsa ya kai a auna, ya ware ɗan yanki ya gwada abin da sakamakon ya nuna, a kwatanta da sauran gonar ranar girbi. Ya ce mahaifinsa ba zai yarda ba. Na ce masa ni zan yi wa Alhaji magana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gara a yi gardamar taki a bakin fadama da a je belin yaro a ofishin hukuma.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a gonakinmu, amin.