Kufan Jado da Tsohon Birnin Agadas: Me Ya Sa Ake Neman Izini Kafin Gyara?

Jado, wanda ake rubutawa Djado a taswira, tsohon birni ne a arewa maso gabashin Nijar, cikin gundumar Bilma ta jihar Agadas. An gina shi bisa tudun dutse, da duwatsu da ƙasa mai gishiri. Yau kufai ne. Mutanen yankin, Tubawa da Barebari, suna zaune a Shirfa da kewaye, suna kula da gonakin dabino.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta sa Jado cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Ɗaya daga cikin manyan sharuɗɗan wannan hukuma shi ne wuri ya kasance bisa asalinsa.

Me ya sauya?

Shekaru da yawa nisa ne ya tsare Jado. A shekarar 2014 aka gano zinariya a yankin, dubban mutane suka kwararo da motoci da injuna. A 2017 gwamnati ta rufe wurin haƙar. Amma darasin ya fito fili: hamada ba katanga ba ce. Inda jama'a da kuɗi suka shiga, sabon gini yakan biyo baya. Don haka ya kamata a yi shiri tun kafin ɓarna ta auku.

Illar siminti ga ginin ƙasa

Mutane da yawa suna zaton shafa siminti gata ne ga tsohon bango. Ba haka ba ne. Bangon ƙasa yana shan laima, yana kuma fitar da ita idan rana ta fito. Siminti yana toshe wannan hanya. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa mafita, sai ƙasa ta ruɓe daga ciki. A waje bango yana da kyau, a ciki kuwa ya mutu. Ga gini mai gishiri haɗarin ya fi yawa, domin ruwa yana narkar da gishiri.

Darasi daga Agadas

A shekarar 2013 UNESCO ta amince da tsohon birnin Agadas, tare da fadar Sarkin Abzin da babban masallaci mai hasumiyar ƙasa, wadda tsawonta ya kai mita 27. Wannan hasumiya ta daɗe ne saboda ana sabunta yaɓenta da ƙasa. Abin da ke barazana ga birnin shi ne bulon siminti, da rufin kwano, da allunan talla. Kowane mai gida yana ganin nasa sauyin ƙarami ne, amma idan aka tara su, unguwa ta sauya kama.

Wannan daraja kuwa ana iya rasa ta. An cire kwarin Elbe na birnin Dresden a Jamus daga jerin a 2009 saboda wata gada, aka cire Liverpool ta Ingila a 2021 saboda sabbin gine-gine.

Haƙƙin mai gida fa?

Gaskiya ne mai gida yana son ɗakin da ba ya yoyo, yaɓe duk shekara kuma yana cin kuɗi. Hani kaɗai ba zai wadatar ba. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma doka tana buƙatar tallafi ga masu gida da horar da matasan magina.

Abin da za mu iya yi

1. Kafin a rushe ko a sauya tsohon gini, a nemi izini a ofishin magajin gari, a kuma shawarci sarakunan gargajiya.
2. A gyara ƙasa da ƙasa. A nemi maginin da ya san aikin gargajiya.
3. A share indararo kafin damina, a kau da ruwa daga gindin bango.
4. Kada a kwashi dutse ko itace daga kufai, kada a yi rubutu a bango.
5. Wanda ya ga ana ɓarna, ya sanar da hukuma.

Sabon gida ana iya gina shi a kowane fili. Bangon Jado kuwa in ya faɗi, babu kasuwar da ake sayen irinsa.