Marfin tanki ma yana numfashi

Ƴan uwa manoma na Magarya da Dungas, ku duba bakin tankinku. Daga Waca zuwa Guci, masu garka da dama suna da tankin roba bisa gini, inji ko pampo mai hasken rana yana cika shi. Abin da ke fara lalacewa a jikinsa shi ne marfi: rana ta ci shi ya tsage, ko iskar farkon damina ta tafi da shi. Daga nan wani ya bar bakin buɗe, wani ya ɗaure shi tam da leda da robar taya. Mu a ganinmu, duka biyun asara ne.

Ga dalili. Marfin ƙwarai yana da ƴar kafa ta shan iska. Duk litar ruwa guda da ta fita ta ƙasa, sai litar iska guda ta shiga ta sama. In ka toshe bakin, ruwa ya riƙa fita da ƙyar, tanki ya lotsa ciki. Lotsawa yau, lotsawa gobe, roba ta tsage. Kuɗin marfi ka ƙi biya, ga kuɗin tanki ya hau kanka. Baki buɗe kuwa ƙofa ce ga ƙura da ƙadangare da sauro. Cikin zafi, kwana 10 sun ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo. Kuma kun sani, yaranmu suna shan ruwan nan, ko an hana su.

Pampon feshin wake, wannan na goyo mai litar 15 ko 16, shi ma marfinsa yana da kafar iska da robar da ke hana yoyo. Mai toshe bakinsa da tsumma, maganin ƙwari ne ke bin bayansa, kuma maganin yana shiga jiki ta fata. In kafar ta toshe, a share ta da tsinke da ruwa. Kada a busa da baki.

To, mai zuwa kasuwar Magarya ko ta Maigatari, ya wanke tsohon marfin ya tafi da shi, don bakin tankuna ba ɗaya ba ne. In ya ɓace, a auna faɗin bakin da zare. Ka juya sabon ka ga kafar da idonka. In ba ta da raga, ɗaura mata ƙyallen gidan sauro. Ƙungiyar masu garka tana iya aiken mutum guda ya sayo wa kowa.