Tsohon ginin Fourah Bay yana buƙatar aiki fiye da fenti

A unguwar Cline Town, dab da tashar jiragen ruwa ta Freetown, babban birnin Saliyo, akwai wani dogon bene na jan dutse da gobara ta cinye rufinsa da katakon cikinsa a 1999. Shi ne tsohon ginin kwalejin Fourah Bay, wadda ƙungiyar mishan ta CMS ta kafa a 1827, makarantar ilimi mai zurfi irin ta boko mafi tsufa a Afirka ta Yamma. An aza tubalin ginin a 1845, aka gama a 1848. Daga 1876 ɗalibanta suka fara samun digirin jami'ar Durham ta Ingila ba tare da sun tsallaka teku ba.

Ɗan Damagaram ko Maraɗi zai iya cewa ina ruwansa da kangon Saliyo. Ruwansa na nan. A wannan kwaleji ne Bajamushe Sigismund Koelle ya koyar, yana zama da bayin da aka ƴanto daga jiragen fatauci yana tambayarsu kalmomin harsunansu. Littafin da ya fitar a 1854, Polyglotta Africana, ya ƙunshi harsuna sama da 100, har da Hausa da Barbarci. Nahawun Barbarci da ya wallafa a shekarar, daga bakin Ali Eisami, mutumin Barno, ya samo mafi yawansa. Mutanen da aka raba da garuruwansu da ƙarfi su ne malaman, sunan Baturen ne a bangon littafi.

Lokacin yaƙin duniya na biyu Turawan mulki suka karɓe ginin, kwalejin ta tashi, daga baya ta zauna a kan tsaunin Aureol, ba ta sake komawa ba. Ginin ya zama hedikwatar hukumar jiragen ƙasa. Da aka rufe layin dogo a 1974, sai ya koma kotu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1991, masu gudun hijira suka fake a ciki, har ranar da wuta ta tashi.

Masu kishin tarihi kan yi takaicin yadda ajin karatu ya zama ofishin jirgi da zauren shari'a. Takaicin bai da wurin zama. Muddin akwai ma'aikacin da ruwan sama zai zubo wa a kan takarda, akwai mai neman a toshe rufi. An ayyana ginin cikin kayan tarihin ƙasa tun 1955, amma takardar ba ta kare shi ba lokacin da hukuma ta janye ƙafa. Laifin kuma ba na ƴan gudun hijira ba ne: wanda ke tsere wa harsashi ba ya tambayar shekarun bango.

Tun 2012 Saliyo ta sa ginin cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su, ƙungiyar World Monuments Fund ma ta sa hannu wajen ceto shi. Abin a yaba ne. Sai dai kuɗin waje kan zo sau ɗaya, damina kuwa a Freetown kowace shekara sai ta sauka kamar da bakin ƙwarya. In aka gyara aka kulle ana jiran ƴan yawon buɗe ido, shekara ashirin ta isa a koma gidan jiya.

Jami'ar Saliyo, wadda Fourah Bay ke ƙarƙashinta a yau, ita ya kamata ta maido wani sashenta ciki, da ɗalibai da kasafin gyara na kowace shekara. Sashen harsunan Afirka ne ya fi dacewa, inda ɗalibi daga jami'ar Yamai ko ta Damagaram zai je ya gwada Hausar 1854 da wadda ake yi a gidansu.