Sandar da ke rufa wa ɗan wasa asiri

A wasan golf, dokar da ke aiki a duniya ta kayyade wa kowane ɗan wasa sanduna 14 a jakarsa. Kusan rabinsu sandunan ƙarfe ne, waɗanda ake kai ƙwallo da su daga tsakiyar fili zuwa dandamalin rami. A nan ne mai koyo ya fi zubar da bugu, kuma a nan ne ya fi yin kuskuren saye, domin yakan zaɓi sanda da tunanin bugunsa mafi kyau, alhali wanda ya fi yawan yi shi ne na kuskure.

Tsarin handikaf na duniya, wanda hukumomin USGA ta Amurka da R&A ta Sikotilan suka ƙaddamar a 2020, ya kai maki 54. Handikaf rangwamen bugu ne da ake ba ɗan wasa gwargwadon ƙwarewarsa, don ya iya karawa da wanda ya fi shi. Mai maki 20 zuwa sama ba kasafai yake samun ƙwallo a tsakiyar fuskar sanda ba. Wani lokaci bakin sanda ke samun ta, wani lokaci dunduniya, wani lokaci kuma ƙasa yake fara sara kafin ya kai ga ƙwallon.

Sandunan ƙarfe iri biyu ne a dunƙule. Akwai mai siririn kai, wadda nauyinta ya taru a bayan tsakiyar fuska. Ita ce ƙwararru da yawa suka saba da ita, saboda tana ba su damar lanƙwasa ƙwallo yadda suke so. Amma idan bugu ya kauce wa tsakiya ko da kaɗan, kan sandar yakan murɗe, ƙwallo ta rasa nisa ta kuma karkace. Akwai kuma mai kwarmi a baya, wadda aka kwashe ƙarfen tsakiyarta aka raba shi a gefe-gefe. Rabon nauyin nan yana hana kan murɗewa, sai bugun da bai zauna daidai ba ya tafi kusa da inda aka nufa.

Wanda ya yaɗa wannan dabara shi ne Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norwe da ya yi aiki a kamfanin General Electric. Ya fara ƙera sanduna a garejin gidansa a Kalifoniya a 1959, ya kafa kamfanin Ping, kuma sandunansa na Eye2 da suka fito a 1982 sun zama daga cikin waɗanda aka fi saye a zamaninsu. Hikimarsa ita ce ƙera sanda domin ɗan wasan da ke yin kuskure, wato mafi yawan masu wasa.

Abin da ke hana mutane amfana da wannan ba rashin kuɗi ba ne a yawancin lokuta, kunya ce. Akwai masu ganin sanda mai faɗin kai alama ce ta rashin iya wasa, sai su sayi irin ta ƙwararru don a gan su da ita. Girman kai rawanin tsiya. Takardar maki ba ta da gurbin da ake rubuta kyawun sanda, adadin bugu kawai take ɗauka. Ko manyan 'yan wasa ba sa jin nauyin neman sauƙi. A 2009, Y. E. Yang ɗan Koriya ta Kudu ya doke Tiger Woods a gasar PGA, kuma a ramin ƙarshe sandar haibirid ya yi amfani da ita, wadda aka ƙera don maye gurbin dogayen sandunan ƙarfe masu wuyar sarrafawa. Idan zakara ya dogara da ita a irin wannan lokaci, mai maki 25 ba shi da hujjar nacewa kan sanda mai lamba 3 ko 4.

Masu adawa suna cewa sanda mai yafiya tana ɓoye aibi, tana hana mutum gyara bugunsa. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, domin siririyar sanda tana sanar da hannu kuskure nan take. Sai dai malamin wasa da yawan atisaye ne ke gyara bugu. Ma'aikacin da ke samun fita fili sau ɗaya a mako ba ya bukatar sandar da za ta hukunta shi, domin ƙarshen wannan hukunci shi ne gajiya da ajiye jaka gaba ɗaya.

Duk da haka, ba kowace sanda mai kwarmi ce ta dace ba, kuma kasuwa tana da nata wayo. A da, fuskar sanda mai lamba 7 tana kwanciya ne a wajen digiri 34. Yanzu wasu kamfanoni sun miƙe ta zuwa digiri 30 ko ƙasa da haka, sai su yi tallar cewa tana kai ƙwallo nesa. Ga wanda bugunsa ba shi da ƙarfi, ƙwallon ba za ta tashi sama sosai ba, kuma idan ta sauka sai ta gangara ta wuce rami. Ƙota ma tana da muhimmanci: ta girafait ta fi ta ƙarfe sauƙin nauyi, tana taimakon masu shekaru. Faɗin gindin sanda yana hana ta nutsewa a ciyawa mai laushi, amma a busasshiyar ƙasa, irin ta filayen Kano da Kaduna a lokacin rani, yana iya sa ta yi tsalle ta sami ƙwallo a ciki. Saboda haka gwajin cikin shago bai isa ba, sai an gwada a filin da ake wasa.

Ma'aunin da ya dace shi ne ɗan wasa ya yi bugu goma da kowace sanda, ya bar mafi kyawun, ya duba inda munanan suka faɗi. Sandar da ta tara su kusa da juna ita ce tasa, ko da abokan wasa za su yi murmushi idan ya zaro ta daga jaka.